Allura Bakwai a Cikin Hula

Ƙanena ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana rubuta wasan kwaikwayo a gidan talabijin, har ya kai matsayin da shi ne yake shirya shirin gaba ɗaya, wanda suke ce wa furodusa. Bara ya ajiye aiki. Ya zo mini nan Gashuwa da kwali biyu na takardu da wata takardar yabo a cikin gilashi, ya ce in tura masa su ƙarƙashin gado, gidansa gara ta yi yawa. Na tura. Ban buɗe ba, don na san abin da ke ciki. Rabin maganganun da ke cikin takardun nan a tsakar gidana aka fara yin su, da bakina. A da, in na tuna da haka daɗi nake ji. Yanzu gajiya nake ji, irin wadda take sauka a kafaɗa bayan an gama wankin biki.

A Nguru aka haife mu, bayan tashar jirgin ƙasa. Babanmu bandar kifi yake sayarwa, ya ɗaure a kwali ya aika kudu. Ni ce babba, shekara shida na ba ƙanen nan nawa, ni na goya shi har ƙafarsa ta fara dukan bayan gwiwata. Makaranta aji huɗu na yi na bari. Ba wanda ya cire ni, zaman benci ne bai karɓe ni ba. Amma Allah ya ba ni kunne. In na kai wa Baba abinci rumfa na dawo, sai in tsaya a tsakar gida in maimaita wa Inna duk abin da aka yi a kasuwa, da muryar kowa, da tarinsa, da inda yake jan numfashi kafin ya yi ƙarya. Inna ta yi dariya har ta share ido da gefen zane, sannan ta ce wannan kunnen nawa wata rana sai ya ja mini. Ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Aure ya kawo ni Gashuwa, gidan manomin shinkafa da tattasai. Ni ba mai yawo ba ce. In ba suna ko biki ko gaisuwar mutuwa ba, sai in yi wata ban leƙa waje ba. Sai dai mai kunne ba ta bukatar fita. Tukunyar turara shinkafata babba ce, matan unguwa suna zuwa aro, kuma ba wadda take ɗaukar tukunya ta tafi ba ta zauna ba. Rediyo suke ce mini, ni ma ina amsawa.

Shi kuwa ƙanena ya yi karatu, ya sami aiki a gidan talabijin a babban birnin jiha. Da naɗe waya ya fara, da riƙe fitila, da ɗaukar wa mai kyamara jaka. Duk Juma'a ta biyu yakan tafi Nguru gaida Inna, kuma hanya ta nan ta biyo, sai ya sauka ya ci shinkafa da kifi a wurina kafin ya wuce. Wata rana ya zo fuska a ɗaure. Ya rubuta wasansa na farko, maigidansa a wurin aiki ya mayar masa, ya ce mutanen ciki suna magana kamar masu karanta labarai. Na ce karanta mini in ji. Ya buɗe, ya gyara murya. Miji ya dawo daga gona, matarsa ta tarye shi tana cewa barka da dawowa maigidana abin alfaharina, yaya ka baro gonarmu mai albarka.

Dariya ta sarƙe ni har sai da na sha ruwa.

"Wannan matar a wane gari take?" na ce. "Ka kai ni in gan ta."

"To Yaya, me za ta ce?"

"Cewa za ta yi, tsaya nan, kar ka shigo mini da taɓon nan, yanzu na share."

Ya ciro biro ya rubuta. Har la'asar muna abu ɗaya, shi yana karantawa ni ina rushewa. Ranar bai isa Nguru ba sai bayan magariba, Inna ta yi ta faɗa. Wasan kuwa aka karɓa.

Daga nan abin ya zama mana al'ada. Ya zo, ya wanke hannu, ya ci, ya jingina da bango, ya ce to Yaya, me aka ce? Ni kuma in kwance masa kayan mako biyu: rigimar da aka yi a kan wa zai fara shanya a dandali, tsohuwar da take zuwa gaisuwar mutuwa da ledarta a cikin mayafi, mutumin da ya sayi babur ya rasa inda zai koya sai a cikin gonar surukinsa. Sharaɗi ɗaya na kafa masa tun farko. Ya sauya gari, ya sauya sana'a, ya sauya kama. In abin ya faru da mai kifi, ya mai da shi mai gishiri. In doguwa ce, ya nemo gajera. Ya riƙe wannan sharaɗi shekara da shekaru, har matan da suka yi maganar da bakinsu su zauna a tabarmata suna kallo suna dariya, suna cewa kai, mutanen wani gari ba su da kunya.

Kar a ɗauka ni ce na yi masa aikin. Ni magana kawai na iya. Shi ne ya san inda za a fara da inda za a tsaya, kuma shi ne ya sha wahalar da ni ko a mafarki ba zan ɗauka ba. Kyamara ɗaya gare su, su da masu labarai, in wani babba zai buɗe rijiya sai a ƙwace ta, 'yan wasa su wuni a rana da kwalliya a banza. 'Yan wasan ma malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti, sai sun tashi aiki. Akwai wani dattijo da yake fitowa a mai unguwa, shi da damina ta faɗi ba mai ganinsa, yana gona. Sau uku ƙanena yana tura shi Makka a cikin wasa saboda noma, har mutane suka fara cewa wannan mai unguwa da kuɗi yake. Kaset kuma ba ya isa, in an nuna shiri sai a ɗora wani a kansa. Na sha ganin ƙanena ya zo ido ja, ya ci loma uku barci ya ɗauke shi da hannu a kwano.

Yanzu sai maƙwabciyata, wadda saboda ita na zauna rubuta wannan.

Katanga ɗaya ta raba mu. Wata damina ruwa ya ci saman katangar ya bar gurbi daidai ƙirji, mazanmu suka yi ta cewa za a gyara, mu kuma muka yi ta cewa ba sauri. Ta gurbin nan muke miƙa garwashi da daddawa da magani, har jariri mun miƙa. Ita ba mai magana ba ce, ni ce mai yi, ita ta saurara, can ta jefo kalma ɗaya da za ta sa in yi dariya har washegari. Da na yi ɓari, ita ta kwana uku a ɗakina. Kusan shekara ashirin muna haka. Ƙawa nake ce mata, ita kuma Rediyo.

Mijinta, Malam, ɗinkin babbar riga yake yi da hannu, kuma ya yi suna. Daga Jajimaji, daga Nguru, ana kawo masa shadda. In ya yi maka zanen aska takwas a gaban riga, mutane har tsayar da kai suke a masallacin Juma'a su duba. A zaurensa yake zama da abokansa uku ko huɗu, riga a cinya, ana hira yana ɗinki. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: in zare ya ƙare ba ya neman wani, sai ya cire hularsa, ya zaro wata allura daga cikin naɗin, da zarenta a zure, ya mai da hula ya ci gaba. Mutane suna cewa salon gwanaye ne. Har wani matashin tela ya fara kwaikwayonsa.

Wata safiya na leƙa ta gurbi zan karɓi wuta, sai na gan ta zaune a bakin ƙofar ɗaki ta fuskanci haske, hular Malam a cinyarta, tana zura zare a allura tana sokewa a ciki. Na ƙirga, bakwai. Ta ɗago ta gan ni. Ba ta ɓoye ba. Ta taso ta matso jikin katanga, ta faɗa mini a hankali, kamar mai faɗin farashin gero. Shekara biyu ke nan idon Malam yana tafiya. Kafar allura ta daɗe da ɓace masa. Aikin da yake yi a zaure ciko ne, wanda yatsa ya riga ya haddace. Ainihin zanen, mai wuya, ita take yi a cikin ɗaki, shi ya koya mata, ya riƙe hannunta yana bi da ita layi layi, in ta gama ya shafa da yatsa ya ce warware nan. Na ce to shi me yake cewa?

"Bai taɓa ce mini ba ya gani ba," ta ce. "Ni ma ban taɓa ce masa ba. Kullum da safe sai in ce, Malam, kawo hular in kaɗe maka ƙura."

Ta miƙo mini garwashin a murfin kwano. Ba ta ce kar in faɗa wa kowa ba. Ba ta ga abin da zai sa ta faɗi haka ba.

Wata huɗu na riƙe. Sai wata Juma'a ƙanena ya zo a gajiye fiye da kullum. An ce masa shirin ya fara gundurar mutane, ana maganar a ba wani lokacinsa. Na juye masa duk abin da nake da shi, kowanne ya ce mun yi irinsa, Yaya. Ya zauna yana juya cokali. Zan iya cewa tausayinsa ne ya kama ni, kuma akwai wannan. Amma gaskiyar ita ce labarin yana yi mini daɗi a baki, wata huɗu yana yi mini ƙaiƙayi, kuma ina son ganin yadda fuskar ƙanena take buɗewa in na kawo mai kyau. Na ce masa ajiye biron, wannan ba na rubutu ba ne. Ya ajiye. Na faɗa masa duka, har da muryarta. Na manta shi ma nonon Inna ya sha, kunnensa ba ya bukatar biro.

Ran Asabar bayan la'asar ake nuna shirin. A gidana mata suke taruwa, tunda na ƙanena ne, a fito da talabijin bakin ƙofa, a ta da ƙaramin janareto. Bayan kamar wata biyu da waccan Juma'ar, muna zaune mu kusan goma, ƙawata tana gefena da faranti tana cire wa barkono hanci, nawa ne ma, taya ni take yi. Aka fara. Wani gari ne can daban, mutumin gajere mai ƙiba, Malam kuwa dogo ne siriri. Hula yake ɗinkawa, ba riga ba. Ban gane komai ba, har ina ce wa mata su yi shiru. Sai aka nuno safiya, matarsa ta fito daga ɗaki ta tsaya a kansa, ta ce kawo hular in kaɗe maka ƙura.

Kyamara ta bi matar har bakin ƙofa, ta nuna yatsunta, allura ɗaya, biyu, har bakwai. Sannan aka nuna mijin a cikin abokansa, zare ya ƙare, ya cire hula.

Wata daga baya ta yi dariya ta ce, "Kai, sai ka ce Malam na nan gi..." Ba ta ƙarasa ba.

Ba wadda ta juya ta kalli ƙawata, kuma rashin juyawar ya fi kallon muni. Ita kuwa hannunta bai tsaya ba. Ta ci gaba da cire hancin barkono ɗaya bayan ɗaya har faranti ya ƙare, shirin ma ya ƙare. Ta kaɗe zane, ta ajiye farantin a gabana, ta ce sai anjima. Ta fita ta ƙofa.

Maza ma sun kalla, a wurin mai shayi. Abin da ya biyo baya maigidana ne ya ba ni labari. Ba wanda ya yi wa Malam dariya, ba wanda ya ce masa uffan. Kirki suka yi masa, kirkin ne ya gama da shi. Washegari da ya zauna a zaure, wani abokinsa ya ce a ja masa tabarma kusa da ƙofa, nan ya fi haske. Da ya kai hannu zai cire hula, wani ya yi sauri ya ce kawo in zura maka, Malam. Da ya tashi zai yi alwala, aka tura masa buta har jikin ƙafa, abin da ba a taɓa yi ba. Wani mai riga ya zo ya ce ba sauri, ya huta, bari ya karɓi shaddar tukuna sai bayan salla. Malam ya gode wa kowa. Da azahar ya naɗe tabarmarsa ya shiga gida. Bai sake zama a zauren ba.

A rana ta uku ina tsakar gida na ji ana dama ƙasa a bayan katanga. Na matsa. Ita ce da kanta, zane a ɗaure, tana ɗora curi a gurbin nan tana shafewa da tafin hannu. Na tsaya ina kallo ƙasa tana hawa, ta rufe mata haɓa, ta rufe baki, saura ido da goshi.

"Ƙawa," na ce.

"Kaji ne suke tsallakowa," ta ce. Ta ɗora wani curin.

Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, ranar na rasa. Daga baya na zaga ta ƙofa sau biyu don in ba ta haƙuri. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, in na buɗe baki sai ta tashi duba tukunya. Matan unguwa ba su daina aron tukunyata ba, sai dai yanzu a tsaye suke karɓa. In na shiga gidan suna, hira ta koma kan tsadar mai. Ba wadda ta sake ce mini Rediyo.

Ƙanena ya zo bayan mako biyu yana walƙiya. An maimaita shirin sau uku saboda masu roƙo. Manya sun kira shi sun yaba, daga nan ne ma aka ba shi takardar nan ta cikin gilashi, aka ɗora shi a kan duk sashen wasanni. Na bar shi ya ci abinci, don ban iya yi wa mai yunwa faɗa ba. Sannan na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce ai ya sauya gari, ya sauya kama, bai kama sunan kowa ba. Ya ce akwai dattawan da suka je asibitin ido saboda shirin nan, an aiko an faɗa musu. Ya ce bai taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba.

"Hular fa?" na ce.

"Na gwada, Yaya. Na mai da shi maƙeri, na mai da shi mai gyaran agogo. In na cire hular ba labari."

"To da ka bar shi ba labarin."

Ya tashi ya sa takalmi ya zaga gidan Malam. Ban bi shi ba. Da ya dawo ya zauna a bakin rijiya, sai da na tambaya sau biyu ya faɗa mini. Malam ya karɓe shi hannu biyu, ya sa an kawo masa ruwa, ya saurari duk haƙurin da ya bayar. Sannan ya ce masa, ba komai ɗana, an ce shirin ya yi kyau ƙwarai, ni dai ban gani ba.

Daga ranar na rufe. Ƙanena bai daina zuwa ba, ni ma ban daina dafa masa kifi ba, amma in ya ce me aka ce, sai in ce kogi ya kawo, tattasai ya yi araha. Ko da ina so ma, ba abin da ake faɗa a gabana. Ya ci gaba da aikinsa fiye da shekara goma bayan haka. Ba zan ce rashina ne ya kashe wasan ba, abubuwa da yawa ne. 'Yan wasan suka tsufa, dattijon nan mai zuwa Makka ya rasu. Aka koma ba shi shirin takin zamani da gidan sauro, da ɗaukar taron manya, ya wuni a tsaye ana jawabi. Waya ta shigo hannun kowa, yara suka daina sanin ranar da ake nuna komai. In ya zo sai ya ce, Yaya, yau na yi shirin da ni kaina ba zan kalla ba. Wata rana na tambaye shi ko kaset ɗin allurar yana nan. Ya ce tun tuni aka ɗora taron raba injin ban ruwa a kansa. Wato abin da aka yaba ɗin ya shafe, ba ko inuwarsa. Zauren Malam kuwa yana nan a rufe, ina wucewa ta gabansa duk ranar da na fita.

'Ya'yan Malam sun kai shi asibiti, aka ce ba yanar ido ba ce, an makara. Ya yi shekara shida a cikin gida, sannan Allah ya karɓi abinsa. Na je na zauna kwana bakwai, na yi girki, na wanke kwanuka. Ƙawata ta ce mini an gode, Allah ya ba da lada, daidai yadda ta ce wa matar da ta zo daga Dagona ba su taɓa haɗuwa ba. Ba gaba muke yi ba, da gaba ce da an shiga tsakani an sasanta. Muna gaisawa. In na yi ciwo tana aiko da kunu. Ta katanga ina jin tarinta, ina jin ranar da ba ta ɗora tukunya ba, ina jin komai, kunnen bai mutu ba. Ba ni da inda zan kai shi ne kawai.

Tun da ƙanena ya ajiye aiki yake yawan zuwa, Inna ta rasu, ba wanda zai je wa a Nguru, amma ƙafarsa ta saba da hanyar. Watanni kaɗan da suka wuce yana kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya da hantsi, sai na ji sallama. Muryar ƙawata ce. Ba suna, ba mutuwa, ba kowa a bayanta. Ta shigo tana taka ƙasa a hankali, da ɗan ƙyalle a hannu. Na san tana ɗinkin hula tun bayan Malam, a fili, ana saye. Ta buɗe ƙyallen, allurai ne da zare.

"Rediyo," ta ce, "idonki da sauran aiki?"

Shekara nawa ban ji sunan nan ba. Na karɓa. Na lashi bakin zaren, na ɗaga sama, na kai, ya wuce ta gefe. Na sake, ya lanƙwashe. Sau huɗu. Ashe ni ma nawa idon ya fara tafiya ban sani ba, tunda ni ba ɗinki nake yi ba. Ƙanena ya tashi zaune, ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya miƙo hannu. Ta daɗe tana kallon inda yake.

"Ba shi," ta ce. "Ya san yadda ake yi. Ai ya rubuta."

Ya zura ta farko da ƙyar, ta biyu, ta uku. Zai ɗauki ta huɗu ta ce uku sun isa, yanzu ba ta wuce azahar tana ɗinki. Ta soke su a ƙyalle ta naɗe.

"Wannan karon a wane gari za ka sa ni?" ta ce masa.

"Hajiya, na ajiye aiki," ya ce. "Ko na rubuta ba mai kallo."

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Na aika aka sayo mini tabarau a kasuwa. Yanzu kusan kullum da safe tana zagowa ta ƙofa, in zura mata uku, ta ɗan zauna. Muna maganar gwiwa da shinkafa da jikoki. Ba ta sake faɗa mini wani abu na cikinta ba, ni ma ban tambaya ba, kuma ban sa rai ba. Katangar tana nan yadda ta shafe ta, har yanzu ana ganin shatin yatsunta.

Da tunanin rubuta wannan ya zo mini, na kwana biyu ina juya shi, don na ga abin da na yi a da nake shirin sake yi. Sai na tambaye ta, abin da ya kamata in yi tun wancan lokacin. Ta murza bakin zare. Ta ce Malam ya tafi, wa ya rage da za a ɓoye wa, in rubuta in na ga dama, ita ba karatun boko take yi ba.

"Amma ki sa wannan," ta ce. "Aska takwas ɗin nan da ake tsayar da mutane a masallaci a duba, na shekara biyun ƙarshe, ni na yi su. Ƙanenki ya manta bai sa ba."

Ga shi na sa.